Littafi a Hannu, Ginshiƙi a Baya: Abin da Tsofaffin Hotuna ke Faɗa Game da Matsayin Mutum

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin tarihi, kuma kwanan nan ina yawan duba hotunan mutanen Turai da Amurka na ƙarni na 19. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kusan kowa tsayuwa iri ɗaya yake yi: ga littafi a hannu ko a kan teburi, ga ginshiƙi da labule a baya, ga fuska a murtuke. Shin duk waɗannan masu ilimi ne da dukiya, ko kuwa ado ne kawai? Idan ado ne, ta yaya zan bambance masani na gaske da wanda ya ari kamannin masani? Wani malaminmu ya ce kyamara ce ta fara daidaita talaka da mai sarauta, amma zuciyata ba ta kwanta da maganar ba. Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Amin, na gode da addu'a. Idan na fahimce ki daidai, tambayarki kashi biyu ce: ko kayan da ake gani a waɗannan hotuna shaida ne na ilimi da dukiyar wanda aka ɗauka, da kuma ko zuwan kyamara ya rushe katangar da ke tsakanin talaka da mai hali. Amsar ta farko, a mafi yawan lokuta, a'a ce. Ta biyu kuwa, maganar malaminku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa. Kyamara ta sa kamannin daraja sun yi arha har kusan kowa ya iya sayensu, kuma da suka yi arha sai darajar ta tashi daga cikin hoton ta koma wasu wurare, wato wa ya biya kuɗin, wa ya zaɓi tsayuwar, sunan wa aka rubuta a ƙasa, da hannun da hoton ya faɗa bayan an wanke shi.

Inda tsayuwar ta samo asali

A watan Agusta na 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris. Hoton yana fitowa ne a kan farantin jan ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa, kuma guda ɗaya tak ake samu, ba a iya buga wani daga jikinsa. Da farko sai mutum ya shafe mintoci a zaune cikin haske mai ƙarfi bai motsa ba, amma cikin shekara biyu, bayan an inganta gilashin kyamara da sinadaran da ake turara farantin da su, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da minti guda. Richard Beard ya buɗe shagon hoto a Landan a watan Maris na 1841, yana karɓar fam ɗaya da sule ɗaya a kan ɗan ƙaramin hoto, kuɗin da ya zarce ladan mako guda na leburan gona nesa ba kusa ba. Saboda haka waɗanda kika gani a hotunan shekarun farko, galibinsu masu abin hannu ne da gaske: 'yan kasuwa, lauyoyi, likitoci, limaman coci da iyalansu.

Masu shagunan ba su ƙirƙiro tsayuwar ba, gadonta suka yi daga masu zanen fenti waɗanda suka daɗe suna zana manyan masu ƙasa. A wancan zane, ginshiƙi yana nuna babban gida mai asali, labule mai nauyi yana nuna wadata, littafi kuwa yana sanar da mai kallo cewa wannan mutum yana da lokacin zama ya yi karatu, ba da ƙarfin damtse yake neman abinci ba. Da kayan suka shigo shagon hoto sai suka sami wani amfani na biyu. Akwai wani ƙarfe mai tsayi da ake kafawa a bayan mutum ya riƙe masa ƙeya, labule da ginshiƙi suna taimakawa wajen ɓoye shi, littafi kuma yana ba hannu abin riƙewa domin kada ya karkarwa ya ɓata hoton. Murtuke fuska ma ana yawan ɗora shi a kan daɗewar ɗauka, amma wannan bayani bai wadatar ba, domin an ci gaba da kame fuska bayan lokacin ya koma 'yan daƙiƙu. A al'adar zanen Turai, wangale baki da dariya na mashaya ne da wawaye da yara, mai mutunci kamewa yake yi.

Da hoto ya yi arha

A 1851 Frederick Scott Archer ya fito da dabarar ɗaukar hoto a kan gilashi, wadda ta ba da damar buga kwafi iya yadda ake so a kan takarda. A 1854 André Disdéri ya yi rajistar hoton kati a Paris, inda ake samun hoto har takwas a faranti guda, a yanka kowanne a liƙa a katin da bai wuce tafin hannu ba. A New York kuwa, cikin shekarun 1850, wasu shaguna suna ɗaukar mutum a kan santi 25. Da mai hoto John Mayall ya fitar da katunan Sarauniya Victoria da iyalinta kasuwa a 1860, sai tara katuna ya zama yayi, har ya kasance a cikin kundin hotunan gida guda za ki tarar da Sarauniya a shafin farko, firaminista da wani fitaccen marubuci a bayanta, sannan kawu da gwaggo, duk girmansu ɗaya, tsayuwarsu ɗaya. A nan ne maganar malaminku ta fi ƙarfi, kuma ba shi ya fara yin ta ba. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838, ya faɗa a wata lacca a Boston a 1861 cewa 'yar aiki mafi ƙasƙanci yanzu tana iya mallakar hoton kanta irin wanda dukiyar sarakuna ba ta iya saya shekara hamsin da suka wuce.

Na daɗe ina aikin tantance tsofaffin hotuna da rubuta bayaninsu, kuma abin da ya fi koya mini karatun waɗannan katuna shi ne jera na shago guda a kan teburi. Da zarar an yi haka sai asiri ya tonu: kujera ɗaya ce, shimfiɗar teburi ɗaya ce, littafin nan mai lanƙwasasshen bango shi ne a hannun limamin coci, shi ne a hannun akawu, shi ne kuma a hannun yarinyar da tafukanta suka nuna wanki da goge-goge take yi. Kayan shago ne, kamar dai kwat da furen roba da zanen jirgin sama da masu hoto a garuruwanmu suke ajiyewa domin duk wanda ya shigo. Amma kada ki ɗauka aron littafi kullum ƙarya ne. A ranar 27 ga Fabrairu, 1860, mai hoto Mathew Brady ya ɗauki Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a New York, hannunsa a kan littattafai, ginshiƙi a bayansa, bayan ya ja masa wuyan riga sama domin a rage tsawon wuyansa. Littattafan na shago ne, alhali mutumin, wanda zamansa a aji gaba ɗaya bai fi kimanin shekara guda ba, ya koya wa kansa aikin lauya da karatu. An yi amfani da kayan aro ne domin a faɗi wata gaskiya da mutanen gabashin Amurka ba su yarda da ita ba game da ɗan ƙauye daga yamma.

Yadda masana suka sauya salo

Idan kowa ya riƙe littafi, to littafi ya daina bambanta kowa, kuma masana da masu ɗaukar su sun lura da haka. Hanya ɗaya ita ce a riƙe abin da babu shi a kowane shago. A tsakiyar shekarun 1850 kamfanin Maull da Polyblank a Landan ya riƙa ɗaukar marubuta da masana kimiyya, kuma a nan aka ɗauki Richard Owen, masanin ƙirar jikin dabbobi, yana riƙe da ƙoƙon kan kada. Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi wayo, ita ce a kwashe kayan gaba ɗaya. Mai hoto Nadar a Paris yakan tsayar da marubuta da mawaƙa a gaban bango fayau, babu ginshiƙi babu teburi, haske ya sauka a fuska kawai, kamar ana cewa wannan mutum ba ya bukatar shaida. Wani abin dariya shi ne mawaƙi Charles Baudelaire, wanda ya yi wa sana'ar hoto kaca-kaca a rubuce a 1859, ya zauna a gaban kyamarar Nadar da ta Étienne Carjat ba sau ɗaya ba.

Julia Margaret Cameron ta kai wannan salo maƙura. An ba ta kyautar kyamara a ƙarshen 1863 tana da shekara 48, a gidanta da ke tsibirin Wight a kudancin Ingila. Takan kusanto da kyamara har kan mutum ya cika hoton, ta lulluɓe kafaɗunsa da baƙin mayafi domin kada kwat da wuyan riga su bayyana. Haka ta yi wa masanin taurari John Herschel da marubuci Thomas Carlyle a 1867. Ta ɗauki Charles Darwin a 1868, ga kuma maƙwabcinta mawaƙi Alfred Tennyson da ta ɗauka sau da yawa. Masu sana'ar hoto sun yi ta sukar ta cewa hotunanta dishi-dishi ne, ita kuwa ta ce girman da ke cikin mutum take nema, ba fatar fuskarsa kaɗai ba. Abin lura shi ne ita ba mai shago ba ce da kowa zai shiga ya biya. Matar babban jami'in shari'a ce da ya yi aiki a Indiya, kuma waɗannan manyan mutane abokan gidansu ne. A gidan nan akwai wata 'yar aiki mai suna Mary Hillier, ɗiyar mai ɗinkin takalma, wadda Cameron ta ɗauka fiye da yawancin manyan mutanen, amma kusan kullum a matsayin wata dabam: yau Maryamu uwar Annabi Isa, gobe wata mace daga cikin waƙa ko tatsuniya. Carlyle yana fitowa a matsayin Carlyle, ita kuwa fuskarta kawai ake bukata.

Magini a maƙabarta

Misalin da na fi so in koyar da shi ya fito ne daga Edinburgh. A watan Mayu na 1843 limamai fiye da 450 suka fice daga Cocin Scotland saboda sun ƙi yarda masu ƙasa su riƙa naɗa wa jama'a limami. Mai zane David Octavius Hill ya ƙudura zana taron da fuskar kowa, sai masanin kimiyya David Brewster ya haɗa shi da wani saurayi, Robert Adamson, domin su ɗauki limaman hoto da dabarar ɗaukar hoto a kan takarda da Fox Talbot ya ƙirƙiro kafin su watse. Zanen bai kammala ba sai 1866, kuma yau ba a cika tunawa da shi ba, hotunan da aka ɗauka a matsayin share fage su ne suka yi suna.

Cikin waɗanda suka ɗauka akwai Hugh Miller, editan jaridar da ke goyon bayan masu ficewar, kuma masanin duwatsu da ya yi fice da binciken burbushin kifayen da suka daskare a cikin jan dutse. Miller ya fara rayuwa ne a matsayin mai sassaƙa dutse a arewacin Scotland, ƙurar aikin ta lalata masa huhu, ya koma aikin banki a 1834, daga nan ya zama ɗan jarida. Da zai tsaya gaban kyamara, a lokacin da limamai ke riƙe da littattafai, shi sai ya tafi maƙabartar Calton, ya naɗe hannun riga, ya jingina da dutsen kabari, guduma a hannu guda, ƙarfen sassaƙa a ɗayan. Ya kai kimanin shekara goma rabonsa da cin abinci da wannan sana'a. To, hoton gaskiya ne ko shiri? Duka biyun ne. Miller bai yi karatun jami'a ba, kuma hujjarsa a gaban masanan da suka yi ita ce shi da hannunsa ya fasa dutsen da suke magana a kai. Hujjarsa a gaban talakawan coci kuwa ita ce shi ɗaya ne daga cikinsu. Gudumar ta yi masa aikin da littafi yake yi wa wasu. Sai dai ki lura da sharaɗin: ya iya sa kayan lebura ne ba tare da ya zubar da girmansa ba domin kowa ya riga ya san shi edita ne.

Hill da Adamson ɗin nan sun kuma ɗauki masunta da matan da ke tallan kifi a ƙauyen Newhaven, cikin siket masu ratsi-ratsi da manyan kwanduna. Sun rubuta sunayen wasunsu, abin da ba a saba yi wa talaka ba a lokacin, kuma hotunan suna da mutunci ƙwarai. Duk da haka ba matan ne suka nemi a ɗauke su ba, kuma masu kuɗin birni aka yi niyyar sayar wa hotunan.

Kyamara ɗaya, hukunci biyu

Inda maganar daidaito ta fi rushewa shi ne Amurka. A 1850 Louis Agassiz, shehin malami a jami'ar Harvard, wanda yake da ra'ayin cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba, ya sa wani mai hoto, Joseph Zealy, ya ɗauki bayi bakwai a Columbia ta jihar Carolina ta Kudu. An tuɓe musu tufafi, an ɗauke su ta gaba da ta gefe, an liƙa wa kowane faranti takarda mai ɗauke da suna da ƙabila da sunan ubangida. An rubuta cewa Renty daga Kongo yake, Alfred Bafulatani ne, Fassena kuwa Bamandinge ne kuma kafinta. A daidai wannan zamani maƙera da kafintoci farare suna zuwa shago da kuɗinsu, su tsaya da guduma ko zarto cikin alfahari da sana'arsu. Fassena kafinta ne, amma ba a ba shi ko ƙusa ya riƙe ba, domin ba a matsayin mai sana'a ake son a gan shi ba. A nan ikon ilimi yana bayan kyamara ne, a hannun mutumin da ko fuskarsa ba ta fito a hoton ba. Farantai 15 ɗin sun ɓace wa ido har 1976, lokacin da aka gano su a wani ɗakin ajiya na gidan tarihin Peabody na jami'ar Harvard, kuma sai a 2025 Harvard ta amince ta miƙa su ga wani gidan tarihin baƙaƙen fata a Charleston, bayan doguwar shari'a da wata mata da ta ce ita jinin Renty ce.

Idan kin riƙe wannan a zuciya za ki fahimci dalilin da ya sa Douglass ya riƙa zama gaban kyamara har masu bincike suka tattara hotunansa daban-daban 160, fiye da na Lincoln. Tun 1849 ya rubuta cewa baƙar fata ba ya samun adalci a hannun masu zane farare. Saboda haka yakan zo cikin baƙar kwat da farar riga, fuska a kame, yawanci babu kayan ado a kusa da shi, domin akwai masu cewa mutumin da yake magana da fasaha irin tasa ba zai yiwu a ce ya taɓa zama bawa ba, wasu kuma suna son su ga bawa mai fara'a da godiya. Sojourner Truth, wata baƙar fata da ita ma ta fita daga bauta ta zama mai fafutukar yaƙi da ita, ta bi wata hanyar. Ba ta iya karatu da rubutu ba, amma a katunanta na 1864 tana zaune cikin tufafi masu kamala, da tabarau, da saƙa a cinya, a wasu har da littafi a kan teburi. Ta yi rajistar haƙƙin mallakar hoton da sunanta, ta sa aka buga a ƙasansa cewa inuwa take sayarwa domin ta ciyar da gangar jiki, kuma da kuɗin katunan take tafiye-tafiyen laccarta. Littafin ba nata ba ne, amma hoton nata ne ta kowace fuska, kuma a wajena wannan ya fi nauyi. Salon gaba da gefe da aka yi wa su Renty kuwa bai mutu ba: dokar Birtaniya ta 1871 ta tanadi ɗaukar fursunoni hoto, wani ma'aikacin 'yan sanda, Alphonse Bertillon, kuma ya mayar da salon tsarin aikin 'yan sandan Paris a shekarun 1880.

Yadda za ki karanta hoto, da iyakar abin da zai ba ki

Idan kati ya zo hannuna, bayansa nake fara juyawa. Sunan shago da adireshinsa suna gaya mini ko a unguwar masu hali aka ɗauke shi ko a bakin kasuwa, kuma da yake shaguna suna yawan sauya wuri, adireshin yakan taimaka wajen ƙiyasta shekara. Daga nan sai in duba abin da mai shago ba ya iya arawa: tafukan hannu, takalmi, da yadda riga ta zauna a kafaɗa, domin kwat ɗin da ba na mutum ba yakan tona kansa a hannu da wuya. Sai in duba ko abin da aka riƙe na kowa da kowa ne ko na wannan mutum kaɗai, kamar ƙoƙon kan kadan Owen. Abu na ƙarshe kuma mafi nauyi shi ne rubutun da ke jikin hoton. Sunan da aka buga da injin ɗab'i yana nufin an yi katin ne domin sayarwa ga baƙi, wato mutumin sananne ne. Sunan da aka rubuta da alƙalami na dangi ne. Idan kuwa sana'a ko ƙabila ko lamba aka rubuta a madadin suna, to wani ne yake nazarin mutumin ko yake tsare da shi.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma gara ki san ta tun yanzu. Hoto ba ya faɗin abin da ke zuciyar wanda aka ɗauka. 'Yar aikin da ta riƙe littafin shago wataƙila buri take nunawa, wataƙila tana karatu da gaske, wataƙila kuma mai hoton ne ya danƙa mata shi ba tare da ya tambaye ta ba, kuma faranti ba zai raba miki gardamar ba. Sannan abin da ya tsira zuwa yau ba daidai yake wakiltar abin da aka ɗauka ba, domin hotunan manya sun shiga gidajen tarihi da sunayensu da wasiƙunsu, na talakawa kuwa yawancinsu sun rabu da kundin iyali sun shiga hannun dillalan tsofaffin kaya babu suna. Abin da na faɗa kuma ya taƙaita ne ga Birtaniya da Faransa da Amurka daga 1839 zuwa wajen 1880, kada a ɗora shi kai tsaye a kan wasu ƙasashe inda alamun daraja dabam ne.

Idan rubutu za ki yi a kan batun, shawarata ita ce kada ki tattaro hotuna daga ko'ina. Ki zaɓi mai hoto guda, misali Hill da Adamson, waɗanda gidan adana hotunan mutane na ƙasar Scotland da jami'ar Glasgow suka sa ayyukansu da yawa a intanet, ki ware waɗanda ke da suna, sannan ki neme su a rajistar ƙidayar jama'a ta Birtaniya, wadda tun daga 1841 take rubuta sunan kowane mutum da sana'arsa. Ta haka za ki iya gwada abin da mutum ya riƙe a gaban kyamara da abin da ya gaya wa malamin ƙidaya cewa da shi yake cin abinci.